Maganin Ƙwannafi da Gyambon Ciki

Tumbin ɗan Adam yana fitar da wani ruwa mai tsananin tsami, wanda likitoci ke kira asid, kuma da shi ne abinci ke narkewa. Idan ruwan ya taso zuwa maƙogwaro, mutum yakan ji zafi a ƙirji da ɗaci a baki, wato ƙwannafi. Idan kuwa ya ci bangon tumbi ko farkon hanji har ya yi rauni, to gyambon ciki ke nan, wanda mutanen Nima da Maamobi suka fi sani da olsa.

Mafi daɗewa cikin magungunan wannan ciwo su ne masu kashe kaifin tsamin da ya riga ya taru, kamar farin ruwan nan na magnesium trisilicate da ake girgiza kwalbarsa kafin a sha. Suna kawo sauƙi nan take, amma aikinsu ba ya nisa, kuma suna hana jiki amfana da wasu magunguna irin su ciprofloxacin da ƙwayar ƙarin jini, shi ya sa ake barin tazarar aƙalla awa 2 a tsakaninsu. Kanwa da wasu ke jiƙawa su sha ita ma haka take aiki, sai dai gishirin cikinta ba alheri ba ne ga mai hawan jini.

A 1976 aka fara sayar da cimetidine a Ingila, maganin da ke rage yawan tsamin da tumbi ke fitarwa, sannan danginsa suka biyo baya, ciki har da ranitidine, wanda Amurka da ƙasashen Turai suka janye a 2020 saboda an gano wani sinadari da ake zargi da haddasa cutar daji a cikinsa. Wanda ya fi waɗannan ƙarfi kuma ya fi yawo a shagunan magani yau shi ne omeprazole, wanda ke toshe ƙananan mafitar da tsamin ke ɓulɓulowa ta cikinsu. Ana haɗiye shi ba tare da taunawa ba, minti 30 kafin kokon safe da ƙosai, mai azumi kuwa kafin sahur, domin wanda ya jira sai zafi ya taso bayan ya ci wake da shinkafa da shito ya riga ya rage masa amfani.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne, rage tsami kaɗai ba kasafai yake raba mutum da gyambo ba. A 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa yawancinsa, binciken da ya kai su ga lambar Nobel a 2005. Ana gano ta ta gwajin bahaya ko na numfashi, kuma ana kashe ta ne idan an haɗa omeprazole da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu har kusan kwana 14, ba tare da yankewa don an ji sauƙi ba. Ɗaya sanadin kuma shi ne maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da asfirin, waɗanda 'yan dako da masu aikin ƙarfi a kasuwannin Makola da Zongo Lane ke sha da yamma, sau da yawa ciki babu komai. Barkono, da ake yawan ɗora wa laifi, yana tayar da zafi ne kawai ga wasu.

Duk wanda ya ga bahayarsa ta yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko haɗiyar abinci ta yi masa wuya, ko yana ramewa ba dalili, kada ya ƙara sayen ƙwaya a shago. Ya ɗauki katinsa na inshorar lafiya ya tafi Babban Asibitin Maamobi, inda likita zai iya tura shi asibitin Korle Bu a duba cikin tumbin da na'ura.