Yadda Ake Tashe a Lungunan Birnin Kano

Bahaushe ya kasa watan azumi kashi uku: goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin Sallah. Tashe ɗan goman tsakiya ne. Sai marmari ya gushe, leɓe ya fara tsagewa, masu cika baki a farkon wata sun yi laushi, sannan yaran birnin Kano ke fito da gwangwanaye da gemun auduga su bi gida-gida suna ba jama'a dariya. A 2025, da aka ɗauki azumi ran 1 ga Maris, goma ga wata ta zo daidai da 10 ga Maris. Tunda lissafin wata ake bi, kowace shekara lokacin yakan riga na bara zuwa da kusan kwana 11, don haka wani zubin cikin hunturu ake tashe, wani zubin cikin zafin bazara, wani kuma ana tsallake kwatami da damina.

Wasan kwaikwayo ne cikakke, da 'yan wasa da kayan shiga da waƙa da amshi. Abin da ba shi da shi kawai su ne tikiti da ɗakin kallo da mai ɗaukar nauyi. Mutum yana zaune a gidansa, ya sha kununsa ya miƙe ƙafa, sai wasan ya yi masa sallama.

Sunan daga tashi ya samo asali. Bayanin da aka fi ji a bakin dattawa shi ne, da can samari kan zaga gari da kiɗa cikin dare suna tashin mutane sahur, musamman gwauro, wanda ba shi da matar da za ta tashe shi balle ta ɗumama masa tuwo. A hankali kiɗan ya bar asuba ya dawo farkon dare, tsokanar gwauro kuma ta haifi wasanni barkatai.

Aikin farko shi ne haɗa ƙungiya, kuma tun azumi yana da huɗu ko biyar ake fara ƙus-ƙus ɗinsa. Yaran lungu ɗaya ne ke haɗuwa, su biyar, su shida, wani lokaci har goma, maza daban mata daban. Ba babba a ciki. Su da kansu suke raba aiki: mai zaƙin murya da saurin baki ya ɗauki bayar da waƙa, wanda ba ya jin kunya ko kaɗan ya zama ɗan wasan da za a yi wa shiga, saura su yi amshi da tafi da kiɗa. Muƙamin da ake tayar da jijiyar wuya a kansa ɗaya ne, wato riƙon jaka. Ba a ba wa mai kwaɗayi, ba a ba wa mai huda a aljihu, kuma ƙungiyoyi da yawa a nan suke watsewa tun ba su kai ga ƙofar gidan kowa ba.

Daga nan sai zaɓen wasa. Akwai tsofaffi da kowane Bakano ya tashi ya tarar. Tsoho da Gemu na ƙananan yara ne, yaro ɗan shekara bakwai ya ranƙwafa da sanda yana kakkarwa kamar ya ba tamanin baya. Jatau Mai Magani kwaikwayon mai tallar maganin gargajiya ne, ya baza ƙulle-ƙullensa da sassaƙe da saiwoyi yana lissafa cututtukan da kowanne ke warkarwa. Akwai Danda Dokin Kara, akwai Macukule, akwai na malamin da ake zargi da taka rawa. 'Yan mata suna da Samodara, suna kuma da Mairama da Daudu, inda ɗaya ke zura babbar riga da hula ta zama maigida, ɗaya ta lulluɓe ta zama amarya, a yi ta nuna yadda zaman aure ke gudana. Ƙungiya mai wayo takan riƙe wasa biyu ko uku, don in aka shiga gida aka ce yanzun nan wasu suka gama wannan, sai a juya zuwa wani.

Haɗa kaya shi ne wurin da basirar take, kuma da wuya a kashe ko sisi. A ɗauki gemun tsoho. Audugarsa daga tsohon matashin kai take fitowa, sau da yawa ba da sanin mai matashin ba. Za a barbaje ta, a shafa ɗan ƙaro ko kaurin koko a haɓar yaro, a manna, a ce ya ɗaga kai sama kada ya yi motsi har ta kama. In ba ta zauna ba sai a jera ta a zare a rataya a kunnuwa. A debo baƙin gindin tukunya a ja masa layukan tsufa a goshi, a barbaɗa toka a gira, a cusa tsumma a bayan riga ya zama doro. Rigar kuwa ta Baba ce da ya daina sawa, tana jan ƙasa, hannunta ya wuce yatsu. Mai yin Jatau zai bi bola da bakin kasuwa yana tsintar ƙananan kwalabe da ɓawon itace. Masu doki za su nemo karan dawa su tsaga, su ɗaure, su yi masa linzami da jalala da ƙyallayen da tela ya zubar, har ya fito kamar wanda za a hau a bi Sarki. Ganga gwangwanin madara ce ko tsohon galan. 'Yan mata su kife ƙwarya su kaɗa.

Gwaji ba ya ɗaukar lokaci. A kango ko a dandali ake yi bayan an sha ruwa, kuma ba mai riƙe da takarda, domin kowa ya ji waƙoƙin a bakin yayyensa tun yana goye. Abin da ake gyarawa shi ne daidaita amshi da kiɗa, da kuma ƙarin gishirin bana. Tsadar sukari, ɗauke wuta ana tsakar buɗa baki, alkawarin ɗan siyasar da ya sha kwana, duk suna iya samun gurbi. A jami'o'i irin su Bayero ana karanta tashe a matsayin wasan kwaikwayon gargajiya, ana rubuta kundaye a kansa, amma masu shi na ainihi ba su san ma ana yi ba.

Ranar fita, ana idar da Magariba ake gaggauta shan kunu. Wajen lokacin asham lungu ya ɗauki ƙarar gwangwani. Ƙa'idar shiga gida ɗaya ce tun kaka da kakanni. Za a tsaya a zaure, mai ƙarfin murya ya ɗaga:

"Salamu alaikum, a yi tashe?"

In aka ji "A yi!" daga ciki, sai a ɗunguma. In kuwa aka ce "Allah ya ba da sa'a," ko "Maigida na barci," sai a ja ƙafa, ko da yake ba a rasa mai guna-guni a hanyar fita.

Wa ke shiga, wa ke tsayawa a waje, tsarin gidan Bahaushe ne ya yanke. Ƙananan yara da 'yan mata su ke wucewa har tsakar gida, wurin matan da yawancinsu ba sa fita da dare, ga shi sun wuni a gindin murhu da azumi a baki. Su ne 'yan kallon farko, su ne kuma mafi tsananin alƙalanci: tsohuwar gida tana iya dakatar da wasa ta ce ba haka ake wannan baitin ba, ta rera yadda suke yi a zamaninsu. Samarin da suka tasa ba sa ƙetare zaure. Nasu dandalin shi ne majalisar ƙofar gida, teburin mai shayi, bakin shaguna, da wuraren da 'yan kasuwa ke shan iska a Fagge ko kewayen kasuwar Kurmi.

Wasan malam ya isa misali. Yaro ya sha rawani har yana rufe masa ido, ga allo a hammata, ga tasbaha ta ƙwallayen dabino ko murafen kwalba, ga gemu fari fat. Ya shimfiɗa buzunsa, wanda buhun siminti ne, ya zauna yana gyaran murya. 'Yan amshi su taso shi da zargin an gan shi yana rawa. Ya musanta, ya ɓata rai, ya nemi a kawo shaida. Su nace. Can sai ya miƙe don ya gwada musu irin rawar da ya ce bai yi ba, kafin ka ce kwabo ya cashe, rawani ya warware, rabin gemu ya faɗi ƙasa. Matan gida su yi ta dariya har da riƙe ciki, alhali wataƙila maigidan nasu malami ne, yana zaure yana ji. A wata na daban, yaron da ya kwaikwayi malami haka sai ya sha bulala. A tashe an ɗage wannan dokar: yaro ya taɓa malami, ya taɓa boka, ya taɓa mai kuɗi marowaci da miji mai faɗa, kowa ya gane wanda ake nufi, ba kuma wanda zai kai ƙara.

Wasa ɗaya minti biyu ne ko uku. Sai tukuici. Da can hatsi ne, a debo gero ko dawa da ludayi ko ɗan kwano a juye a buhun mai jaka. Yanzu an fi miƙa naira ashirin, hamsin, ɗari, ko ragowar ƙosai da dabino. Ba farashi, ba ciniki. Wanda bai da shi ya ce Allah ya yi albarka, an kuma yi masa wasan ke nan. Mutane da dama suna ɗaukar abin a matsayin sadakar azumi, shi ya sa gidan da aka san hannunsu a sake yake kan sha sallama sau goma a dare guda.

Rabo ko dai a yi shi kowane dare a ƙarƙashin fitilar mai shayi, ko a tara sai ƙarshe. Hatsin a kai wa mai awo, kuɗin a kasa, wanda ya sha shiga da rawa ya ce nasa kason ya fi, a yi ta musu. Ƙarshenta dai kuɗin a kayan Sallah suke ƙarewa: tabarau, agogon roba, lalle, ɗan kunne.

Duk wannan na yara ne. Na manya yana hannun Nalako, Sarkin Gwagwaren Kano, sarautar barkwanci da birni ya daɗe da sani. Gwauro daban yake da tuzuru: tuzuru bai taɓa aure ba, gwauro kuwa ya yi, matar ta fita, ya zauna haka. Gwauron nan shi Nalako ke farauta. Yakan fito da tawagarsa cikin shigar fatu, da kiɗa da igiya, su bi unguwa-unguwa. Maƙwabta ne ke tsegunta inda gwauro yake kwana, sau da yawa ma abokansa na kusa. In aka kama shi sai a zarga masa igiya a zaga da shi, yara na biye suna sowa. Shi ya sa azumi na ƙaratowa wasu ke rugawa biko, wasu kuma su ƙirƙiro tafiyar da ba ta da dalili. A al'ada zagayen yakan kai ga fada, Gidan Rumfa, wanda aka gina a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Nan Nalako ke kai gaisuwa da gwagwarensa, gidan sarauta ma ya samu nasa rabon dariyar.

Tashe bai tsaya a Kano ba. Ana yi a Zariya da Katsina da Sakkwato, ana yi a Maraɗi da Damagaram. Har a Wagadugu ta Burkina Faso akwai wasan Dodo, inda yara ke sa fuskokin dabbobi su zaga da dare cikin azumi, kuma masana sun danganta zuwansa can da fataken Hausawa.

Sai dai duk tsarin nan a kan abu ɗaya ya dogara: yaro ya iya yawo a lungu da dare, maigida kuma ya iya barin zaurensa a buɗe. Nan ne aka samu tangarɗa. Azumin 2020 cikin dokar kullen korona ya zo wa Kano. A 'yan shekarun nan kuma rundunar 'yan sandan jihar ta sha fitar da sanarwar dakatar da tashe, bisa hujjar cewa 'yan daba na fakewa da shi su fito da makamai, su yi ƙwacen waya, su rama tsohuwar gaba tsakanin unguwanni. Hujjar ba ƙarya ba ce. Duk wanda taron matasa masu gora ya taɓa ritsawa da shi a kan titi ya san bambancinsu da masu gemun auduga. Amma sanarwar ba ta rarrabewa, ta haɗa ɗan shekara bakwai mai gwangwani da ƙato mai wuƙa ta yi musu kuɗin goro. Ga kuma sababbin unguwanni masu katanga da get da maigadi, inda sallamar yaro ba ta kai wa tsakar gida. Wasu iyayen yanzu sukan ce a yi a cikin layi kawai, a kuma dawo kafin a tashi daga asham. Wasu matasan sun koma ɗaukar nasu a waya suna sakawa a TikTok da Facebook, inda 'yan kallo suka fi yawa amma ba mai miƙo ludayin gero.

Azumi na kai ashirin kiɗan ke ja baya. Masallatai sun cika da masu tahajjud, teloli sun shiga kwanan zaune, hankalin yara ya koma kan ɗinki da wanda zai kai su kallon hawa. Dokin kara ya shiga murhu, rigar Baba ta koma ƙasan akwati da tabon gawayi a wuya, uwa kuma ta ɗaga matashin kanta ta ji ya yi shafal, ta ƙwala wa mai gemun jiya kira.