Tambaya da Amsa: Sai Na Je Karatun Hutu a Ƙasar Waje Kafin In Samu Jami'a?

TAMBAYA

 Sunana Bashir, daga garin Sheme a ƙaramar hukumar Faskari. Ina aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, kuma burina in karanta likitanci. Karatunmu ya sha yankewa saboda matsalar tsaro, har ina ganin 'yan birni sun yi mana nisa. Kwanan nan wani mutum ya zo wa Baba da maganar zai sama mini gurbin karatun wata ɗaya a ƙasar waje lokacin dogon hutu, wai takardar da zan dawo da ita za ta buɗe mini ƙofar kowace jami'a. Kuɗin da ya faɗa sai an sayar da shanun huɗarmu. Baba ya fara karkata, ni ma raina yana so, amma hankalina bai kwanta ba. Shin maganar nan gaskiya ce? Kuma ɗan karkara irina yana da rabo a jami'a kuwa?

AMSA

Ɗana Bashir, Allah ya yi maka albarka. In na fahimce ka, abu biyu ke ci maka rai. Na farko, ko tafiyar nan ta hutu ita ce za ta shigar da kai jami'a, har ta cancanci a taɓa dukiyar gida. Na biyu, wanda nake jin ya fi nauyi a zuciyarka, ko yaron da ya yi karatu cikin fargaba da rufe makarantu zai iya gogayya da 'ya'yan Kano da Kaduna.

Bari in fara da na biyun. Damuwarka tana da tushe, ba raki ba ne. Kowa ya san abin da ya faru a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300, da rufe makarantun da ya biyo baya. A 2021 kuma aka katse layukan waya na tsawon watanni a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da maƙwabtansu. A lokacin kana firamare, shekarun da ake kafa harsashin lissafi da Turanci. In ka ji akwai giɓi a karatunka, ba daƙiƙanci ba ne. Darussa ne suka wuce ka, kuma ana iya bin su a kamo.

Ka kuma sani tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya bai manta da irinku ba. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kashi 45 cikin 100 na gurabe ga waɗanda suka fi maki a duk ƙasa, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko, Katsina na cikinsu. Sannan a 2025, cikin kusan mutum miliyan 2 da suka rubuta jarrabawar JAMB, fiye da kashi 70 cikin 100 ba su kai maki 200 ba. Galibinsu kuwa ba daga ƙauyukan da aka rufe wa makarantu suka fito ba. Zama a birni ba ya ba mutum maki.

Yanzu sai maganar baƙon nan. Amsar a taƙaice ita ce a'a. Babu jami'ar Najeriya da ke neman takardar karatun hutu kafin ta ɗauki ɗalibi. Abin da ake dubawa shi ne sakamakonka na WAEC ko NECO, makinka na JAMB, da tantancewar da jami'ar ke yi da kanta bayan JAMB. Tun 2017 duk wani gurbi na halal ta shafin JAMB mai suna CAPS yake bi, kai da kanka za ka shiga ka karɓa ko ka ƙi. A wannan shafin babu wurin da ake sa takardar yawon buɗe ido.

Ban san mutumin ba, don haka ba zan kira shi macuci ba. Amma akwai tambayoyin da za su raba gardama. Mene ne cikakken sunan makarantar, a wane gari take? Ina wasiƙar da ta rubuto da sunanka? Kuɗin asusun makarantar zai shiga, ko asusunsa na ƙashin kansa? Ya yarda a je da shi wurin shugaban makarantarku a duba takardun? Wanda ya ce yana da biza a hannu, ko ya ce in ba a biya cikin kwana uku ba gurbin zai wuce, a yi taka-tsantsan da shi. Biza ofishin jakadanci kaɗai ke bayarwa, shi ma bayan ya tantance mai nema.

Ko da shirin na gaskiya ne, irin wanda ake biya da kuɗi, abin da za ka samu shi ne ganin duniya da sababbin abokai. Abu ne mai kyau ga mai hali. Amma gidan da zai rasa abin huɗa a tsakiyar damina ba shi ake wa wannan tallar ba.

Ba ina cewa ka cire rai da fita waje ba. Akwai shirye-shirye na gaskiya, kuma alamarsu ita ce ɗalibi ke nema da kansa ta intanet, ba dillali a tsakani. Jami'ar Yale ta Amurka tana da wani shiri mai suna Yale Young African Scholars da aka fara a 2014, domin ɗaliban sakandare na Afirka da ba su kai ajin ƙarshe ba. Akan yi shi lokacin dogon hutu, an yi a Gana da Ruwanda da Zimbabuwe, ba a karɓar kuɗin karatu, kuma abin da ake koyarwa shi ne yadda ake neman jami'a da tallafin karatu. Akan buɗe neman shiga a ƙarshen shekara, a rufe a farkon sabuwa, saboda haka ajin da kake ciki yanzu shi ne lokacinka. Za su nemi sakamakon jarrabawarka ta makaranta da rubutu da Turanci a kan rayuwarka. Kada ka ji kunyar faɗin inda ka fito. Yaron da ya riƙe karatu a irin halin da kuka shiga yana da abin faɗa.

Bayan ka gama sakandare kuma akwai manyan ƙofofi. Gwamnatin Turkiyya tana buɗe neman tallafin karatunta daga Janairu zuwa Fabrairun kowace shekara, ga 'yan ƙasa da shekara 21 masu neman digiri na farko, kuma tana tsaurara maki sosai ga masu son likitanci. Gidauniyar Mastercard tun 2012 take ɗaukar nauyin 'yan Afirka masu hazaƙa marasa ƙarfi a jami'o'i daban-daban. Masu Larabci suna da Jami'ar Musulunci ta Madina da Azhar ta Masar. Gwamnatin Katsina a ƙarƙashin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta tura ɗaliban da suka fito daga makarantun gwamnati zuwa Masar karatun likitanci, wasu kuma ƙasar Sin. Ka lura, duk waɗannan abu ɗaya suke fara tambaya: ina sakamakonka? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Karatun waje kuma yana da nasa haɗarin. A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Waɗanda suka yi karatu tsakani da Allah ma abin ya shafe su. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun koro ɗalibanmu gida karatu bai ƙare ba. Wanda kuma ya karanta likitanci a waje, sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta Najeriya kafin a ba shi lasisin taɓa majinyaci. Duk makarantar da aka ambata maka, a fara tabbatarwa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta amince da ita.

To, me ya kamata ka yi daga yau? Ka fara da takardu, domin nan ne 'ya'yanmu suka fi tuntuɓe. Ka mallaki lambar NIN, tunda ba a rajistar JAMB sai da ita. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a NIN da takardar haihuwa da rajistar WAEC da NECO. In nan an rubuta Bashir, can Bashiru, nan Muhammad, can Mohammed, gyaran kan ci kuɗi da watanni. Ka samu layin waya naka na kanka, domin da shi ake karɓar lambar buɗe rajista, kuma ta nan JAMB za ta riƙa aiko maka saƙo. Kada ka ari na mai shagon kwamfuta, kada kuma ka bari layin ya mutu. Ka karɓi takardar shaidar zama ɗan asalin Faskari tun ba a shiga rububi ba.

Sai darussa. Likitanci yana buƙatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Physics, Chemistry da Biology, kuma jami'o'i da yawa sun fi son a same su a zama ɗaya. A JAMB za ka ɗauki Turanci da waɗannan ukun na kimiyya. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya cikin sauran, jimillar maki 400. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, amma kada wannan ya ruɗe ka, mai neman likitanci sai ya yi wa 200 nisa sosai.

Ga shawarata a kan dogon hutun da ake so a fitar da kai. Na san lokacin aikin gona ne, ba za a ɗauke maka fartanya ba. Amma bayan azahar akwai lokaci. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku samu littattafan tsoffin tambayoyin jarrabawa, ku riƙa amsa su da agogo a gabanku. Duk babin da ya wuce ku lokacin rufe makaranta ku rubuta shi, ku nemi wani malami ko ɗan garinku da ya dawo hutu daga jami'a ya bi muku shi. Turanci kuwa sai da karatu kullum: shafi biyu da babbar murya, sannan ka rufe littafin ka rubuta abin da ka fahimta.

Jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta. Yara da dama sun san amsa, amma ranar jarrabawa ce ranar farko da suka zauna gaban allon, sai hannu ya kama rawa. In hanya ta yi kyau kuma Baba ya yarda, ka je Funtuwa ka yi mako biyu wurin 'yan uwa kana koyo. Ka kuma yi rajistar jarrabawar gwaji da JAMB ke yi kafin ta ainihi. Kuɗin wannan duka bai kai na tunkiya ɗaya ba.

Wajen zaɓen makaranta, ka duba kusa da gida tukuna. Akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka kafa a 1962, da Bayero ta Kano, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka buɗe a 2011, da ta Gusau. Ka duba kundin kwasa-kwasai na JAMB ka ga wacce ke koyar da abin da kake so. Gurbin likitanci kaɗan ne, masu nema kuma dubbai, don haka ka tanadi zaɓi na biyu da ranka zai karɓa, kamar harhaɗa magunguna, aikin jinya, gwaje-gwajen asibiti ko likitancin dabbobi, wanda yankinku na makiyaya da manoma ke matuƙar buƙata. In maki bai kai ba a karon farko, ga makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello nan a Funtuwa, kusa da ku. Maimaita jarrabawa ba abin kunya ba ne.

Batun kuɗin makaranta kuma, tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ga waɗanda suka samu gurbi a manyan makarantun gwamnati. Bashi ne mara ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa. Jihar Katsina ma tana da hukumar ba da tallafin karatu ga 'yan asalinta. In har za a taɓa dukiyar gida, gara a bari sai ranar da takardar shiga jami'a ta zo hannu.

Saura yadda za ka tunkari Baba. Ka tuna ƙauna ce ta sa ya karkata. Uban da ya yarda ya rabu da abin nomansa domin ɗansa ya yi ilimi ba a yi masa gardama a gaban mutane, ba a kuma nuna masa an fi shi sani. Ka same shi shi kaɗai bayan isha'i, ka gode masa, ka roƙe shi a jinkirta biya har a kai takardun wurin shugaban makarantarku ko wani dattijo ɗan boko da yake ganin girmansa. In abin na gaskiya ne, bincike ba zai ɓata shi ba.

Ga sauran iyaye da ɗalibai na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ke karanta wannan shafi, maza da mata, amsar nan taku ce ku ma. Kafin a biya ko sisi a kan karatun waje, a tambayi wanda ba shi da riba a cikin cinikin.

Ɗana Bashir, ka rubuto mini bayan jarrabawar ƙarshen zango, ka faɗa mini darasin da ya fi ba ka wuya, mu ga yadda za a ɓullo masa. Allah ya buɗa maka ƙirji, ya saka wa mahaifanka da alheri, ya dawo mana da zaman lafiya a yankinku da ƙasa baki ɗaya. Amin.