Ƙaramin Injin Mota Mai Silinda Huɗu

Yawancin ƙananan motocin da ke zirga-zirga a cikin gari, irin su Golf da Starlet da Peugeot 206, suna ɗauke da injin fetur mai silinda huɗu. Silinda wani rami ne mai santsi a cikin gangar inji, inda wani ƙarfe da ake kira fistan yake hawa da sauka. Idan aka ce inji lita 1.3 ne, ana nufin girman wurin da fistan huɗun suke sharewa in an haɗa su, ba yawan man da tanki ke ci ba.

Aikin injin yana bin matakai huɗu, bisa tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a shekarar 1876. Da farko fistan yakan sauka ya zuƙo iska da fetur ta wata 'yar ƙofa da ake kira bawul, sannan ya hau ya matse su, sai fulogi ya ba da tartsatsin wuta, cakudar ta kama ta ingiza fistan ƙasa da ƙarfi, daga nan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Mataki na uku ne kaɗai ke ba da ƙarfi, shi ya sa silindojin suke karɓa-karɓa, galibi ta ɗaya, ta uku, ta huɗu, sannan ta biyu. Da zarar fulogi ɗaya ya mutu, sai a ji motar tana karkarwa, domin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta ya tafi.

Abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba shi ne, inji ya fi shan iska fiye da mai, domin kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar iska kimanin kilo 15 kafin ya ƙone sarai. Saboda haka idan ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, ƙarfin mota yakan ragu, kuma a tsofaffin motoci masu kafireta shan mai yakan ƙaru. Haka kuma cunkoson cikin gari yana wahalar da inji, tunda yana aiki alhali motar tana tsaye, babu iskar gudu da za ta sanyaya lagireto sai dai fanka.

Ya kamata mai mota ya riƙa duba baƙin mai da ruwan lagireto da safe kafin ya tayar da inji, ya yi juye a kan lokaci, kuma kada ya ɗora wa ƙaramar mota lodin da ya fi ƙarfinta.