Kafin Ka Soka Caja: Darasin Da Babur Ɗin Yayana Ya Koya Mini

Ni ɗalibi ne a sashen injiniyan lantarki na wannan kwaleji tamu ta Abdu Gusau, kuma abin da zan rubuta a nan ba a aji na fara koyon sa ba. A bakin ƙofar gidanmu na koye shi, bayan sallar isha'i, ranar da yayana ya dawo yana tura babur.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, sana'ar kabu-kabu ta koma wahala. Yayana yana jigila tsakanin Mafara da Bakura da Maradun, kuma kusan rabin abin da ya samu a wuni a gidan mai yake ƙarewa. Da ya gaji, sai ya sayar da tsohon babur ɗinsa, ya haɗa da kuɗin shinkafar da ya noma a Bakolori, ya sayo mai amfani da lantarki daga Kano. Kwana biyu yana murna. Ran na uku ta kama Talata, ranar kasuwa, ga fasinja ko'ina, ga shi an ɗauke wuta tun dare, batir bai kai rabi ba. Sai ya kai shi rumfar mai cajin wayoyi. Ana soka cajar, ƙaramin janareton ya yi gurnani ya mutu. Aka tayar, ya sake mutuwa. Haka suka yi ta fama wajen awa biyu. Da ya ga alamar batir ta hau, ya ɗauka ya samu, ya ɗauki fasinja da buhu zuwa wajen Maradun. A hanyar dawowa, rana na shirin faɗuwa, babur ya tsaya cak.

Duk wanda ya san yankinmu ya san abin da ake nufi da magariba ta riske ka a hanya. Mahaifiyarmu ba ta iya cin tuwo ba sai da ya shigo. Yana zama ya dube ni ya ce, "Kai da kaka karatun wuta, mi amfanin karatun naka in ba ka iya gaya min abin da ya faru?" Na ji kunya. Washegari na ɗauki biro da takarda na zauna gaban babur ɗin, na kwafe duk lambobin da ke jikin batir da caja. Abin da na gano shi ne wannan darasi.

Ina ake caji a wajenmu?

A Turai da Sin, mai sabuwar motar lantarki yakan buɗe taswira a wayarsa ya ga tashoshin caji birjik. A Najeriya abin yana farko-farko. A watan Afrilun 2021 Hukumar Ƙira da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, daga baya aka yi irinta a Jami'ar Legas da ta Nsukka. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, wanda kuma, don ku sani, ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya fita waje. Ɗan foli ne kamar mu. A Maiduguri ma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin bas masu fetur zuwa masu lantarki.

Amma ga mai babur ko keke mai ƙafa uku a Mafara, wurin caji na haya shi ne rumfar mai cajin waya, ko shagon mai sola, ko na mai walda, ko gidan wani mai injin babba. Babu allo, babu ma'aikacin da aka horar. Kai ne za ka zama injiniyan kanka. Don haka akwai lambobi uku da ya wajaba ka sani kafin ka miƙa cajarka ga kowa.

Lamba ta farko: cikin batir ɗinka

A jikin batir za ka ga lambobi biyu, ɗaya da harafin V, ɗaya da Ah. Na yayana 72V ne da 40Ah. Ka ninka su: 72 sau 40 ya ba da 2,880. Ka raba da 1,000, ka samu kusan 2.9. Wannan shi ne yawan wutar da batir yake ɗauka, kuma ma'auninsa ɗaya ne da yunit ɗin da mitar gidanku take ci. Wato tankin babur ɗin yunit 2.9 ne.

Babur irin wannan, da fasinja a kan kwalta, yakan ci kusan yunit ɗaya a kowace kilomita 25. In ka zuƙe shi tas zai kai ka wajen kilomita 70. Amma ba a zuƙe batir tas, don yana rage masa kwana. Ka bar kashi 20 cikin 100 a matsayin ajiya, ka lissafa da kilomita 55 zuwa 60. In da buhu, ko yashi, ko iska tana bugun ƙirjinka, ka ƙara ragewa. Mai sayarwa zai gaya maka kilomita 100. Wannan lissafin mutum ɗaya ne marar nauyi, a hankali, a kan hanya mai santsi.

Lamba ta biyu: ƙishirwar cajarka

A jikin caja akwai abin da take fitarwa. Tamu an rubuta 84V da 10A. Ka ninka, ka samu wat 840. Da yake caja tana ɓarnatar da wani abu ta hanyar zafi, abin da take ja daga soket ya kusa wat 950. Daga wannan lamba za ka san lokaci: batir mai 40Ah da caja mai 10A, awa huɗu ke nan daga ƙasa zuwa sama, ka ƙara kusan awa ɗaya saboda caja tana sassautawa in ta kusa cikawa.

Yanzu ka kwatanta. Cajar wayar hannu tana jan wat 10 zuwa 20. Ashe babur ɗaya daidai yake da wayoyi 50 ko fiye a lokaci guda. Mai rumfa bai san haka ba, shi dai ya ga filogi ya shiga soket.

Lamba ta uku: ƙarfin wurin da za ka soka

Nan ne yayana ya faɗa rami. Ƙaramin janareton da masu cajin waya suka fi amfani da shi, ainihin ƙarfinsa bai wuce wat 650 zuwa 800 ba. Ka ɗora masa caja mai neman 950, ga wayoyin mutane a kai, dole ya durƙusa. A awa biyun nan, wutar da ta shiga batir ba ta taka kara ta karya ba. Alamar da ya gani ta hau kuwa yaudara ce: yawancin waɗannan babura da ƙarfin bolt suke auna cikar batir, kuma bolt yakan ɗaga na ɗan lokaci da zarar an cire caja, sannan ya sauka in an fara tafiya. Ka jira minti 15 bayan cire caja kafin ka yarda da abin da allo ya nuna.

Saboda haka, in ka je wurin caji, tambayar farko ita ce, "Oga, injin naka ko inbatar taka nawa take ɗauka, kuma me ke kanta yanzu?" Ka nemi wurin da ƙarfinsa ya ninka na cajarka sau biyu, kamar janareto mai 2.5kVA ko inbata mai 3kVA. Ka duba wayar wutar da za a jona maka. Siririn kebul na kasuwa mai soket huɗu ba a yi shi don jan wat 950 na awa huɗu ba. Ka taɓa filogi bayan minti goma. In ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, cire. Shagon mai walda kuma ka yi hattara da shi, don duk sanda ya ɗana ƙarfe wuta takan yi sama da ƙasa, caja kuwa ba ta son haka.

Lissafin kuɗi, inda mutane ke ruɗewa

Cika batir ɗinmu daga ƙasa yana cin kusan yunit 3.3 daga soket. Ko da farashin rukunin A, mafi tsada, wanda ya kai naira 209 da 'yan kai a kowane yunit a 2024, kuɗin bai wuce naira 700 ba. Babur mai fetur kuwa yakan sha wajen lita ɗaya da rabi a kilomita 60. In ka ɗauki lita a naira 900, naira 1,350 ke nan, ban da baƙin mai. Riba a fili take.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Ƙaramin janareto mai fetur yana ba da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu ne kacal a kowace lita. Don ka cika wannan batir da shi, sai ka ƙona kusan lita biyu. Ka ga ke nan ka sha man da ya fi na tsohon babur ɗinka, ka kuma ƙara da zaman jira na awa biyar. Da na nuna wa yayana wannan lissafi shiru ya yi, can ya ce, "Ashe hwa an gudu ba a tsira ba." Caji da janareto na ranar larura ne. Ribar babur mai lantarki tana ga wutar gari da sola.

Kuma ka yi ciniki kafin a soka, ba bayan an cire ba. Ku daidaita a kan awa ko a kan cikawa. Wanda ya fi adalci shi ne a sa ƙaramar mitar soket mai ƙirga yunit, kowa ya ga abin da aka sha.

Zafi da gobara

Batir ɗin litiyam ba ya son caji in zafinsa ya haura digiri 45. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu inuwa ma takan wuce 40. Kada ka sauka daga doguwar tafiya ka soka nan take. Ka bar shi ya huce na rabin awa a inuwa. Kada ka lulluɓe caja da tsumma wai don ƙura, iska take nema. Kada ka ari cajar wani don bakin ya yi daidai: cajar 72V a kan batir mai 60V hanyar gobara ce, haka ma cajar batir mai ruwa a kan na litiyam. Batir da ya kumbura, ko ya faɗi ya lotse, ko yake wari, a fitar da shi fili. Ina roƙon 'yan uwa, kada wanda ya shigo da batir ɗin babur ɗakin kwanan ɗalibai ya soka ya kwanta barci. Wutar litiyam in ta tashi, bokitin ruwa ɗaya ba ya kashe ta, kuma hayaƙinta guba ne.

In mota ce fa?

Lissafin bai canja ba, lambobin ne suka girma. Hyundai Kona mai lantarki, wadda kamfanin Stallion ya fara harhaɗawa a Legas a 2020, batir ɗinta yunit 64 ne, ya ninka na babur ɗinmu sau 22. A soket ɗin gida mai ba da kilowat 2.3 sai ta yi fiye da awa 28. A caja ta bango mai kilowat 7 kusan awa 9 zuwa 10. A tashar gaggawa mai kilowat 50 takan kai kashi 80 cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Ƙarin abin lura shi ne bakin caja ba iri ɗaya ba ne: motocin Turai suna da Type 2 da CCS2, na Sin GB/T, tsofaffin Nissan Leaf na Japan CHAdeMO. Duk wanda zai sayi ta hannu daga waje, ya fara sanin bakin motarsa da na tashar da yake sa ran zuwa. Kuma kafin ka kama hanyar Sakkwato ko Gusau, ka kira ka tabbatar wurin yana aiki a ranar, ka kuma riƙe wutar da za ta dawo da kai in ka tarar ba ya yi.

Abin da ya rage gare mu

Madatsar ruwan Bakolori da ke nan kusa da mu, wadda aka kammala a 1978, an gina ta da injin lantarki mai megawat 3. A lissafi, wannan ƙarfi zai iya ɗaukar cajar babur 3,000 a lokaci guda. Wannan magana ce ta hukuma. Wanda ke hannunmu shi ne rana. Farantin sola mai wat 550 a yankinmu yakan ba da fiye da yunit biyu a wuni, in ana share masa ƙura, musamman da hunturu. Faranti biyu sun isa babur ɗaya. Faranti goma da inbata mai kyau za su cika babur shida zuwa bakwai kullum. Ga masu neman abin da za su yi furojet a kai, ko sana'ar da za su kama bayan bautar ƙasa, rumfar caji mai mita da inuwa da waya mai kauri a bakin tasha ba ƙaramin abu ba ce.

Yayana yanzu ya yi yarjejeniya da wani mai shagon sola. Yana soka babur daga sha biyu zuwa la'asar, lokacin da rana take da ƙarfi fasinja kuma ya yi ƙaranci. A jikin murfin batir na rubuta masa lambobi uku da fenti: 2.9, 950, 55. Ya kuma ɗaukar wa mahaifiyarmu alkawarin ba zai fita gari bayan azahar ba sai batir ya haura kashi 70. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya sa karatun da muke yi ya amfani iyayenmu. Amin.