Sola ta sauƙaƙa mana ruwa, amma ba ta ƙara yawansa ba

 

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, gidaje da masallatai da yawa sun jingine janareta, sun haɗa burtsatsensu da sola. Alhamdulillah, wannan ni'ima ce. Sai dai ina ganin wani abu da ya kamata mu zauna mu yi darasi a kansa. A da, tsadar mai ce take sa mu tattala ruwa. Yanzu da rana ke jawo shi kyauta, to me zai hana mu ɓarna?

Mu fara fahimtar yadda abin yake aiki. Farantan sola suna mayar da hasken rana lantarki, lantarkin ya tayar da sumo da ke can cikin rijiya, sumo ya turo ruwa zuwa tanki. Galibi ba a buƙatar batir, domin tankin shi ne ma'ajiya: ya cika da rana, a yi amfani da shi da dare. Amma sola ba ta ƙirƙirar ruwa, ɗebowa kawai take yi. A wurare kamar birnin Kano, inda dutse ne a ƙasa, ruwan yana maƙale ne a tsagogin dutsen da ruɓaɓɓen samansa, kuma damina ce kaɗai ke mayar da abin da aka ɗiba. Shi ya sa burtsatse ke janyewa a bazara. Idan tankinka yana ambaliya tun hantsi har la'asar, wallahi ba ruwanka kaɗai kake zubarwa ba, har da na maƙwabcin da rijiyarsa ba ta kai taka zurfi ba.

Ma'auninmu a nan shi ne sunna. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Anas (R.A), cewa Manzon Allah (S.A.W) yana alwala da mudi ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudi biyar. Mudi kuwa cikin tafin hannu biyu ne na matsakaicin mutum, wato ya ɗan ɗara rabin lita. Ledar fiya wata guda da ɗan ƙari kenan! To ɗan uwa, auna wannan da wanda zai saki famfo yana zuba tun daga wankin hannu har wankin ƙafa.

Ga abin da nake ba da shawara:

Na ɗaya, a sa wa tanki 'yar na'urar nan mai yawo a saman ruwa, wadda ke kashe sumo da kanta idan ya cika. Kuɗinta ba ya kai na faranti ɗaya.

Na biyu, a gyara famfon da ke ɗiga. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ɗigo 86,400 ne a kwana, kusan jarka guda. Sau da yawa robar cikin kan famfon kawai za a canza.

Na uku, a koma wa buta. Ka tara ruwanka, ka rufe famfo, sannan ka fara alwala.

Na huɗu, ruwan alwala kada ya tafi kwata a banza. A ja masa bututu zuwa gindin darbejiya ko zogale.

Na biyar, ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti. A goge shi da sassafe kafin ya yi zafi, da tsumma mai laushi da ruwa kaɗan.

Kwamitocin masallatai, burtsatsen da wani bawan Allah ya haƙa sadakatul jariya amana ce a wuyanku. Idan ya ƙafe saboda sakaci, kun yanke wa unguwa ruwa, kun kuma tsayar da amfanin da mai shi ya yi fata.

Allah Ya ba mu ikon kiyayewa. Wallahu a'alam.