Dakuwar dabino da gujiya don salla

Idan salla ta matso, uwar gida tana neman abin da za ta ba baƙi da yara. Alawar kanti tana cin kuɗi, kuma sukari ne zalla. Ga wani abin daɗi wanda ya fi ta amfani ga jiki. Kayan haɗa shi duka suna kasuwannin Ƙonni, Malbaza da Illela.

A nemi dabino awo 2, gujiya awo 1, aya awo 1, da ƴar citta da kanumfari. Awon yana iya zama kwano ko ƙoƙo, amma a yi aiki da abu guda tun daga farko har ƙarshe. Dabino daga arewa yake zuwa, wajen Ingal da Bilma, wani kuma daga Aljeriya. Aya kuwa a jihar Maraɗi aka fi noma ta.

Aiki na farko shi ne tsinta, kuma shi ya fi komi muhimmanci. A baza gujiya a faifai, a duba ta da kyau. Duk wadda ta yi baƙi, ko ta yanƙwane, ko ta yi funfuna, a zubar. Funfunar nan tana da dafi wanda yake lalata hanta sannu sannu. Suya ba ta kashe shi. Kada a ce hasara ce, a ba yara su cinye. Kaji ma bai kamata a ba su ba. Dabino kuma a tsaga kowane ɗaya, a cire ƙwallon, don tsutsa tana ɓuya a ciki.

Daga nan sai a soya gujiya, a murje, a sheƙe. A wanke aya, ta bushe, a soya ta, a dake ta ita kaɗai sai ta yi gari. A yayyafa wa dabino ruwa mai tsabta kaɗan don ya yi laushi. A kirɓa shi a turmi, a zuba gujiya da garin aya da kayan ƙamshi, a ci gaba da kirɓi. In ya kama jikinsa, a wanke hannu da sabulu, a mulmula ƙanana ƙanana. Tun da ruwa ya taɓa shi, a cinye shi cikin kwana 2. Mai son saka zuma ta saka, amma kada a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba.

Ba ƙasar Hausa kaɗai aka san irin wannan haɗi ba. Yahudawa suna da nasu, sunansa haroset. Suna cinsa a Idin Ƙetarewa, wanda yake zuwa a watan Maris ko Afrilu. Na Turai suna yi da tufa da ƴaƴan itace masu ɓawo. Na Masar da Maroko kuwa da dabino suke yi, har na Maroko suna mulmula shi kamar dakuwa. Kalarsa ta yumɓu ce, kuma da gangan ne: yana tuna masu da laka wadda kakanninsu, Bani Isra'ila, suka kwaɓa lokacin da suke bauta a hannun Fir'auna.

Aikin lissafi: uwar gida tana da dabino kwano 6. Gujiya kwano nawa za ta nema? Aya fa?