Kiwon Kifin Ado a Jos: Kifin Damisa na Ruwan Gishiri da Kifayen da Suka Dace da Yanayinmu

Gabatarwa

Kifin ado shi ne wanda ake kiwo don kallo da ƙawata wuri. Ana ajiye shi a akwatin gilashi a falo ko otal ko ofis, ko kuwa a ɗan tafkin siminti a tsakar gida. Darajarsa tana ga launinsa da siffarsa da lafiyarsa, har kifin da bai wuce tsawon yatsa ba yakan fi tarwaɗar da ta cika kwano tsada. Wannan ne ya sa matasa da masu kiwon kifi a Jos da kewaye suke tuntuɓar malaman gona a kan wannan sana'a. Tun da hotuna suka yawaita a waya, tambayar ta fi karkata ga kifayen teku masu ɗaukar ido, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne kifin damisa, wanda dillalai ke kira leopard wrasse, masana kuma suna kiransa Macropharyngodon meleagris.

Manufar wannan darasi ita ce malamin gona ya san abin da wannan kifi yake buƙata, ya auna shi da yanayin Jos, sannan ya ba da shawara tun kafin manomi ya zuba jarinsa.

Kifin damisa da halayensa

Asalin kifin damisa tekun Fasifik ne da gabashin tekun Indiya, inda yake zaune a wuraren yashi da ɓaraguzai a gefen duwatsun murjani. Yana da ɗan'uwa a gaɓar Kenya mai suna Macropharyngodon bipartitus. Babu ko ɗayansu a tekun Atlantika, saboda haka duk wanda aka gani a Najeriya daga nesa aka kawo shi, kuma kusan dukkansu daga teku aka kamo su. Tsawon babba ba ya wuce santimita 15. Macen fara-fara ce mai ɗigo-ɗigon baƙi, daga nan sunan ya samo asali. Namijin ya fi duhu, da ratsin kore da ruwan lemo. Wani abin mamaki shi ne mace takan rikiɗa ta zama namiji idan ta girma kuma babu wani namiji a wurin. A lura da wannan, domin maza biyu ba sa zama lafiya a akwati ɗaya.

Halaye biyu ne suka sa kiwonsa ya yi wuya. Na farko, a cikin yashi yake kwana. Da rana ta faɗi, ko ya tsorata, sai ya nutsa da ka ya binne kansa. Idan babu yashi, ko yashin yana da kaifi, zai yi ta dukan gindin akwati har bakinsa ya yi rauni, kifin da bakinsa ya yi rauni kuwa ba ya cin abinci. Na biyu, yini guda yake yi yana tsince-tsince a jikin duwatsu, kamar yadda kazar gida take yi a bola, yana neman 'yan ƙananan katantanwa da mitsi-mitsin halittu dangin jatan lande. Sabon zuwa ba ya gane abincin gwangwani. Sau da yawa yunwa ce take kashe shi a gaban mai shi, alhali ga abinci yana yawo a saman ruwa.

Gidan da yake buƙata

Ana buƙatar akwatin da ke cin lita 250 zuwa 300, mai murfi ko raga, domin kifin yana tsalle. A shimfiɗa yashin murjani mai laushi, kaurinsa ya kai santimita 5 zuwa 8. Yashin rafi da na wuraren haƙar kuza bai dace ba. A jera duwatsun da suka riga suka jiƙu da ruwan gishiri, waɗanda ƙananan halittu suka zauna a jikinsu.

Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita. Ke nan akwatin lita 300 zai ci fiye da kilo 10 tun a cikawar farko. Gishirin miya ba ya wannan aiki, haka ma manda ko kanwa. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa a masana'anta, mai ɗauke da sinadaran kalsiyam da maganiziyam da sauransu, kuma daga waje ake shigo da shi. Ruwan da za a narkar da shi ma sai an tace shi da na'ura. Duk mako biyu ana sauya kashi ɗaya cikin goma na ruwan, wato lita 30, da kimanin kilo guda na gishiri. A shekara an tasam ma kilo 26 ke nan, ban da na farko.

Bayan an haɗa komai, ba a sa kifi nan take. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne suke sarrafa ta, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Wannan ƙa'ida ce ga kowane akwatin kifi, na gishiri ko na ruwan daɗi. Amma shi kifin damisa ko wannan bai ishe shi ba. Masu kiwonsa suna jira akwatin ya yi aƙalla wata 6 yana aiki, don halittun da yake tsinta su hayayyafa. Wanda ya sayi akwati da kifi rana ɗaya ya sayi asara.

Yanayin Jos

Garin Jos yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 sama da matakin teku. Wannan tudu ne ya ba shi sanyin da dankalin Turawa yake so, shi ne kuma babban cikas ga kifin murjani. Kifin damisa yana son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin santigired, dare da rana, ba hawa ba sauka. A Jos kuwa, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 12. Dole ne a sa hita mai kunna kanta, kimanin wat ɗaya ga kowace lita, kuma a ɗaki mai sanyi akan buƙaci fiye da haka. Ga famfon juya ruwa, ga matata, ga fitila, dukkansu da lantarki suke aiki.

Idan wuta ta ɗauke cikin daren hunturu, abu uku ne suke faruwa tare: ruwa ya yi sanyi, iskar shaƙa ta ragu, bakteriyar da ke cikin matata ta fara mutuwa. Dare ɗaya ya isa a rasa abin da aka yi wata shida ana tarairaya. Saboda haka duk wanda ba shi da sola da batura, ko janaretan da za a iya dogara da shi, malamin gona ya gaya masa gaskiya cewa wannan kiwo bai kamace shi ba tukuna.

Hunturu yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Busasshiyar iska tana shanye ruwa, amma ba ta ɗaukar gishiri, don haka ruwan da ya rage sai ya ƙara gishiri kullum. A yi alama a jikin gilashi, a riƙa cike giɓin kowace rana da tataccen ruwa marar gishiri. Wanda ya cike da ruwan gishiri ya ƙara wa Borno dawaki.

Sai kuma nisa. Kifin ya yi doguwar tafiya a jirgin sama cikin leda kafin ya iso Legas, daga nan kuma akwai kimanin kilomita 1,000 zuwa Jos. Wannan jinsi ya yi suna wajen rashin jure tafiya.

Idan an riga an yanke shawarar saye

Kada a biya kuɗi sai an ga kifin yana cin abinci a gaban mai saye. A duba bakinsa da kyau, a tabbatar babu rauni, cikinsa kuma bai shafe ba. Farin kashi mai kama da zare alama ce ta tsutsar ciki, wadda ta yawaita a wannan kifi. Ana maganinta da furazikwantel, bisa shawarar likitan dabbobi. A guji duk maganin da ke da sinadarin tagulla a akwatin da ke da murjani ko jatan lande, domin yana kashe su.

Da an sake shi zai shige yashi, kuma yana iya yin kwanaki bai fito ba. Kada a tono shi, tonon ya fi ɓuyan cutar da shi. A makonnin farko yakan fito a lokutan da ba a zata ba, saboda jikinsa yana bin ranar ƙasar da ya baro, sannu a hankali zai daidaita. A ciyar da shi kaɗan-kaɗan sau 2 ko 3 a rana da daskararrun ƙananan jatan lande, kuma kada a haɗa shi da kifaye masu faɗa ko masu rige-rigen abinci.

Malamin gona ya kuma tuna wa manomi abu ɗaya: wannan kifi ba ya hayayyafa a akwatin gida. Wanda ya saye shi zai ci gaba da kashe masa kuɗi har ya mutu, ba tare da ya sayar da ɗa ko ɗaya ba. Ga mai otal da ke son ƙawa, wannan ba laifi ba ne. Ga mai neman sana'a kuwa, lissafin bai fita ba.

Kifayen da sanyin Jos ya karɓa

An kafa gonar kifi ta Panyam, a ƙaramar hukumar Mangu ta yanzu, a farkon shekarun 1950. A 1954 aka kawo kifin kaf daga Ostiriya, ya zauna, ya kuma hayayyafa. Wannan tarihi yana da amfani ga mai son kifin ado, domin koi, mai launin ja da fari da ruwan zinariya, kaf ne da aka zaɓo saboda launi a ƙasar Japan. Kifin zinariya ma danginsu ɗaya. Dukkansu na ruwan daɗi ne, suna jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, kuma suna jure sanyin hunturu ba tare da hita ba, muddin tafkin yana da zurfin kimanin mita ɗaya. Abin da ake yi kawai shi ne a rage abinci idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 15, domin cikinsu ba ya narkarwa da sauri, ragowar kuma sai ta ɓata ruwa.

Ƙyanƙyasar su ba ta fi ƙarfin wanda ya saba da kiwon tarwaɗa ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sanyi ya wuce, ruwa ya fara ɗumi. Ana gane namijin kifin zinariya da ya shirya ta 'yan fararen ƙuraje a murfin kunnensa, macen kuma cikinta yakan cika ya yi laushi. A ware su na kimanin mako biyu ana ba su abinci mai kyau, sannan a haɗa maza biyu da mace ɗaya da yamma. A sa ciyawar ruwa ko zaren buhu da aka tsefe aka wanke, domin ƙwan yana mannewa. Galibi da sassafe suke zubawa. Da an gama a fitar da iyayen, in ba haka ba za su cinye ƙwan. Cikin kwana 3 zuwa 5 'ya'yan za su fito, gwargwadon ɗumin ruwa. Bayan kwana 2 ko 3 a fara ba su gwaiduwar dafaffen ƙwai da aka dama ta yi ruwa-ruwa, kaɗan ƙwarai, da ƙananan halittun da ke tasowa a ruwan da aka sa wa taki.

A nan ne ribar take, a nan ne kuma sababbin shiga suke kuskure. 'Ya'yan kifin zinariya da launin toka-toka suke fara fitowa, sai bayan watanni launin ya bayyana, kuma ba duka ne za su yi kyau ba. Dole a riƙa tantancewa ana ware masu karkataccen jiki da marasa launi, don a bar wa nagari fili da abinci. Mai saye ba ya tambayar nauyi, da ido yake ciniki.

Game da ruwa, na famfo yakan zo da kulorin, sai a tara shi a buɗe na kwana ɗaya ko biyu kafin amfani. Ruwan tsofaffin ramukan kuza na wajen Bukuru da Barkin Ladi bai zama iri ɗaya ba, saboda haka a kai samfur a auna kafin a zuba kifi mai tsada. Cutar farin ɗigo tana yawan tasowa idan zafin ruwa ya sauya farat ɗaya. Idan an kawo sabon kifi, a ɗora ledarsa a kan ruwan na minti 20 kafin a sake shi, kuma a keɓe shi na mako biyu.

Ɗan gida da ya yi suna a waje

Akwai wani ƙaramin kifi na ƙoramu da kududdufai, ɗan santimita 6, shuɗi-shuɗi mai jajayen ɗigo da rawaya a gefen fukafukansa. Masana suna kiransa Fundulopanchax gardneri. Masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka suna riƙe da wani irinsa da suke kira da sunan tudun Jos, domin daga nan aka ɗebi kakanninsa. Ba ya buƙatar gishiri ko babban akwati, lita 40 ta ishi namiji ɗaya da mata biyu, a cikin ɗaki kuma da murfi, don shi ma gwanin tsalle ne. Yana cin tsutsar sauro, yana zuba ƙwai a jikin zare, ƙwan kuma yana ƙyanƙyashewa cikin mako 2 zuwa 3. Wanda zai ɗebo iri daga rafi ya ɗauki kaɗan, da sanin sashen kifi na ma'aikatar gona ta jiha.

Kada a zubar da koi ko kifin zinariya da aka tantance a rafi ko madatsar ruwa, domin suna tona gindin ruwa su gurɓata shi, su kuma cinye ƙwan kifayen gida irin wannan. Mai neman horo a kan kifin ado na ruwan daɗi ya tuntuɓi Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a jihar Neja. Abin da ya shafi ruwan teku kuwa, Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya da ke Legas za a nufa.